Babur Mai Wurin Zaman Mutum Ɗaya

Na ga abubuwa a duniyar nan. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu. Amma in aka ce in faɗi ranar da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina, to wata Asabar ce ta damina, ranar da bakina ya kusa sa a kashe bawan Allah a ƙofar gidana a Kwamba. An yi shekaru, amma har yau in na ji ƙarar ƙaramin babur sai gabana ya faɗi.

Maigidana ya rasu ya bar mini gida mai ɗakunan haya, ni kuwa duk unguwa an san ba na wasa da gidana. Tabarmata tana gindin mangwaron tsakar gida, inda nake hango zaure. Wanda ya shiga na gan shi, wanda ya fita na san da me ya fita. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane ba, amma a lokacin ina alfahari cewa ina karanta mutum tun daga takunsa. Allah Ya yafe mini wannan alfahari.

A cikin 'yan hayata akwai wani ɗan Kano mai aikin ofis a Abuja, da matarsa da jaririyarsu. Da asuba yake fita bin mota, sai bayan magariba ya dawo a gajiye. Bai taɓa wuce ni bai durƙusa ya ce “Mama, ina wuni” ba. Shekara guda ban kama shi da laifin komai ba, kuma ku yarda da ni, na nema.

Wata rana sai ga dillali ya turo babura biyu har tsakar gidana, duka na hannu. Ɗaya babba, baƙi, yana ƙyalli, irin wanda in mutum ya hau za a san ya hau abu. Ɗayan kuwa siriri kamar ɗan akuyar da bai ƙoshi ba, dogayen ƙafafu, tayoyi masu manyan haƙora. Ina zaune ina tsinkar zogale, sai na ga ɗan hayan nan ya kama babban ya kwantar da shi a ƙasa a hankali, da gangan. Dillali ya dafe kai. Ɗan hayan ya sunkuya zai ɗaga shi, ya yi nishi, jijiyar wuyansa ta fito, sai da dillalin ya kama masa. Ya koma kan ƙaramin, ya kwantar, ya ɗaga shi kaɗai. Ya sake kwantarwa, ya sake ɗagawa, har sau uku. Sai ya kaɗe hannu ya ce, “Wannan nake so.”

Ban iya yin shiru ba. Na ce, “Kai ɗan nan, lafiyarka? Ka bar babur ka ɗauki fara? Wannan ko buhun masara ba zai ɗauka ba. Ina matarka za ta zauna?”

Ya yi dariya ya ce, “Mama, ba na kaya ba ne. Na bin hanyar ƙafa ne, da hawan tudu, da tsallake rafi. Inda zan je in na faɗi babu mai taya ni ɗagawa, don haka sai wanda nake iyawa. Kuma shi ne daidai aljihuna, ba ya shan mai, kowane bakanike zai iya gyara shi.”

Na ce, “Gona ka saya?”

“A'a.”

“Dangi gare ka a ƙauye?”

“A'a, Mama. Yawo ne kawai, shan iska. Mako guda ina zaune a kujera da cikin mota, in ƙarshen mako ya zo ina so in ga duwatsu da ruwa.”

Na dube shi, na ci gaba da tsinkar zogalena. A raina na ce ƙarya kake. Mu da muka tashi muna taka waɗannan hanyoyi da itace a ka, muna roƙon Allah Ya raba mu da su, wai yau magidanci mai albashi zai ƙona mai ya shiga cikinsu don daɗi? Hankalina bai ɗauka ba. Kuma a lokacin abin da hankalina bai ɗauka ba, a wurina babu shi.

Daga nan na sa masa ido. Kowace Asabar bayan sallar asuba zai fito da hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya, da jakar goyo, da igiya, da 'yar jarkar fetur ɗaure a baya. Sai la'asar ya dawo, taɓo har wuya, wani lokaci da ƙujewa a gwiwar hannu, yana murmushi kamar wanda ya ci riba a kasuwa. In na tambayi matarsa ina ya je, sai ta ce, “Wajen Gawu Babangida, Mama, shi da abokansa.” Wata rana na leƙa ina wucewa na ga yana bin wasu layuka a wayarsa da yatsa, yana ce wa wani, “Mu bar kwalta daga nan, mu shiga ta bayan dutsen.”

To, shekarar kuwa shekarar tsoro ce. Ko'ina ka zauna, a gidan suna ko a wurin niƙa, zancen ɗaya ne: masu satar mutane, da masu kai musu mai da burodi a daji, da masu zama cikin gari suna ba su labari, waɗanda ake kira infoma. An yi ta jan kunnen masu gidajen haya cewa kowa ya san wanda ya ajiye. Na kwana ina juyi, na tashi ina juyi. Fetur. Igiya. Rufe fuska. Barin kwalta. Na harhaɗa su kamar mai ƙulla tsintsiya, na ga sun zauna daidai. Abin da ban yi ba guda ɗaya ne: ban kira shi na zaunar da shi na tambaye shi ba. Na ga ai wanda zai yi ƙarya sau ɗaya zai yi sau biyu.

Ranar Juma'a na yafa mayafi na je wurin shugaban 'yan bangan unguwarmu, mutum ne mai hankali, tsaran ƙanena. Na ce masa a bincika a asirce. Ya ce, “Hajiya, kin kyauta, za mu tare shi mu yi masa tambayoyi, ba wanda zai ji.” Amma a hanyar dawowa na tsaya wurin mai niƙa, na ba ta labarin, na ce da ita kada ta gaya wa kowa. Wannan ita ce wautata ta biyu. Kafin rana ta faɗi, maganar da na rufe da mayafi ta zagaye Kwamba ba ko ɗankwali.

Washegari da la'asar ina alwala na ji ƙarar babur ɗinsa ta shigo layi, sai kuma na ji ihu ya taso kamar an fasa kasuwa. “Ga shi nan! Infoma ne!” Na fito da gudu ba takalmi.  Babur yana kwance a kwata, tayarsa tana juyawa. Shi kuma an fizge masa hula, yana ƙasa, mutane sun yi masa zobe. Masu shaguna, 'yan keke napep, har da waɗanda ban taɓa gani a layinmu ba. Wani ya sauke masa katako a fuska. Na ga jini ya rufe masa ido. Yana cewa, “Innalillahi! Me na yi? Don Allah me na yi?” Matarsa ta fito da goyo tana kururuwa, wasu mata suka riƙe ta. 'Yan banga uku ne kawai, suna turewa ana ture su.

Sai na ga wani ya kwance 'yar jarkar nan ta fetur daga bayan babur, wani kuma yana cewa a kawo taya. Wallahi a nan na san abin da na aikata. Ni tambayoyi na ce a yi masa. Ban ce a ƙona ɗan mutane ba. 

Allah ne Ya kawo tsohon bakaniken bakin titi, ɗan asalin garin nan, wanda ya gyara baburan iyayen rabin waɗanda ke wurin. Ya kutsa da sifana a hannu, ya fizge jarkar, ya daka tsawa: “Ku dakata, marasa hankali! Ku ɗago babur ɗin nan!” Aka ɗago. Ya ce, “Ku dube shi da kyau. Ina kariyar ɗaura kaya? Ina wurin taka ƙafar na baya? Kai mai katako, zo ka hau, ka ɗauki ɗan'uwanka in gani.” Wanda aka kira ya yi tsaye. Bakanike ya ce, “Waɗanda kuke tsoro uku-uku suke hawa, da buhu da manyan jarkoki. Wannan tankinsa bai fi buta ba, shi ya sa yake riƙe ɗan ƙari don ya dawo gida. Ni ya zo wa shawara kafin ya saya, ni na ce ya ɗauki wanda zai iya ɗagawa. Wane ɗan aiken ɓarayi ne zai sayi babur mai wurin zaman mutum ɗaya?”

Wuri ya ɗan lafa, amma ba a watse ba. Wani daga baya ya ce, “To ai mai gidan ce da kanta ta faɗa!” Shugaban 'yan banga ya juyo gare ni a gaban kowa ya ce, “Hajiya, ke kika kawo magana. Faɗi abin da kika gani da idonki.”

Ɗan hayan nan ya ɗago kai daga ƙasa, da ido ɗaya, ya dube ni.  Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce, “Na ga taɓo. Na ga igiya da jarka.”

“Kin ga makami?”

“A'a.”

“Kin ga baƙin fuska suna zuwa wurinsa? Kin ga ya fita da abinci ko kaya?”

“A'a.” Sai maganata ta ranar dillali ta dawo mini kamar mari. Na ce, “Da bakina na ce masa ko buhun masara ba zai ɗauka ba. Ya gaya mini gaskiya tun ranar, ni ce ban yarda ba.” Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Na cire mayafina na rufa masa, na tsaya a kansa da tsufana, na ce, “Ni na yi ƙarya a kansa. Duk wanda zai sake taɓa shi ya fara da ni.” 

Matarsa ta ƙwace daga matan da suka riƙe ta, ta ɗauki wayar mijinta ta miƙa wa shugaban 'yan banga. Aka taru ana kallon hotunan da ke ciki. Ga shi nan da abokansa huɗu, magidanta, har da mai furfura a gemu, sun faɗa taɓo suna ta ƙyaƙyata dariya kamar yara. Ga su sun shimfiɗa sallaya a kan dutse kusa da ruwan Gurara. Ga su suna jan babur da igiyar nan daga cikin rafi. Shi ke nan abin da yake yi. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka sulale, mai katako ya jefar da katakon a kwata kamar ba shi ba.

An yi masa ɗinki a gira, idon kuma Allah Ya tsare. Na dafa kunu na kai, matarsa ta karɓa ta ajiye ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Bayan mako biyu sai ga mota a ƙofar gida ana loda katifa. Sun sami ɗaki a wata unguwar, Iku. Da aka gama ya zo gindin mangwaro, ya durƙusa kamar kullum, ya ce, “Mama, za mu tafi. A yafe mu.”

Na ce, “Ni ce mai neman yafiya, ɗan nan.”

Ya ce, “Na yafe, Mama. Tsoro ne, kowa yana ji. Amma kullum ina wuce ki a nan sau biyu. Da kin ce in zauna, da na nuna miki komai.”

Sai na tambaye shi babur ɗin fa, don ban gan shi cikin kaya ba. Ya ɗan yi murmushi, ya taɓa girarsa, ya ce, “Na sayar. In na hau sai in riƙa jin ihun nan a bayana. Daɗin ya fita.”

Wannan kalma ita ta fi jinin ci mini rai. Mutum ya yi ta tara ɗan abin da yake samu, ya zaɓi ɗan abin da ya fi ƙarfin damuwarsa bai fi ƙarfin aljihunsa ba, bai tare wa kowa hanya ba, ni kuma na zo na raba shi da shi don kawai ban taɓa ganin irinsa ba.

Har yau tabarmata tana gindin mangwaro, kuma har yau ina ganin mai shiga da mai fita, wannan hali ba zai bar ni ba sai a kabari. Amma na koyi cewa ido yana kawo abu ne kawai, ba ya kawo ma'anarsa. Abin da ban gane ba, ba shi ne mugun abu ba. Yanzu in na ga ɗan haya da abin da ya ɗaure mini kai, ba na yafa mayafi in fita. Sai in matsa gefe a kan tabarma in ce, “Zo nan, ɗan nan, zauna. Mene ne wannan?”