Nauyina da Nauyin Inna

Ko zan manta komai na ƙuruciyata a Misfala, unguwarmu a Makka, ban da ranar da mai raƙumi ya auna ni da ido ya ce na yi nauyin zama kusa da uwata.

Lokacin motoci ba su yi yawa ba, da raƙumi ake fita Arfa. A shekarar Inna ta sha jinya har ta rame, ni ce mai yi mata wanka, ni ce mai dama mata kunu. Baba ya ɗauko mata hayar shugdufu, wato gadaje biyu masu rumfa da ake ratayawa a bayan raƙumi, ɗaya dama ɗaya hagu. Na gama sa rai ɗaya gadon nawa ne, har matashi na ɗinka.

Mai raƙumin ya dube ni, ya dubi Inna, ya girgiza kai. "La, ya Hajji. Wannan za ta rinjaye ta." Ni kuwa tun ina ƙarama Allah ya ba ni jiki. Sai ya nuna 'yar kawuna, wadda ba ta daɗe da isowa ta hanyar Sudan ba, tafiyar ƙasa ta tsotse ta kamar sillen kara. Wai ita ce daidai.

Kishi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da ko maganin Inna ba ta sani ba! Haka na taka a ƙasa har Arfa, ina jin dariyarsu daga sama, ga matashina a bayan 'yar kawun nawa.

Da gari ya waye a Muzdalifa na tubure. "Baba, wallahi yau ni zan hau." Ya gaji da mitata, ya sa aka rataya salkar ruwa a gefen Inna don nauyi ya zo ɗaya. 'Yar kawuna ta sauko tana cewa, "Yaya, in Inna ta motsa ki motsa, kada ki saki jiki." Na ce mata na gode, malama.

Raƙumin ya miƙe, ya wulla ni gaba ya dawo da ni baya. Can jikina ya saba da lilon, har na fara jin kamar ni ce a zaune wuri ɗaya, duwatsu ne ke wucewa. Na miƙe ƙafa ina ta zuba wa Inna hira. Ashe duk wanda ƙishi ya kama a hanya, Baba sai ya tsiyaya masa daga salkar. Gefena yana ta yin ƙasa a hankali, ni ko a jikina. Na dai ga duwatsun sun karkace, na ce ko rana ce ta taɓa ni.

Sai na ji Inna ta ce, "La'ilaha illallahu!" Na ɗaga kai, na gan ta can sama da ni, ta ƙanƙame itacen rumfa, ƙafarta ɗaya a waje. Mai raƙumi ya yi tsalle ya rataya a gefenta yana ihu, ya durƙusar da raƙumin. Da na sauko, ƙasar ma lilo take yi da ni, sai da na zauna daɓas.

Inna tana haki ta ce, "Ku dawo mini da ƙanwarta."

Wannan maganar ta fi faɗuwa ciwo. Na koma ƙasa, na bi ta gefen Inna ina share hawaye da mayafi. Mun yi nisa sai na ji hannunta ya sauko ta ƙasan rumfa yana laluben kaina. Ta ce, "Ke ki tsaya nan. In na faɗo, waccan ba za ta iya tare ni ba."

Har yau in na tuna dariyarsu a saman raƙumin nan raina yana sosuwa, ga ni da jikoki. Amma tun ranar na gane ba yawan ƙauna ke zaɓa wa mutum wurin zama ba. Wani a sama ake bukatarsa, wani a ƙasa, ni kuma a ƙasa na raka Inna har Mina.