Kek Biyu a Kan Teburin Gareji

Laurits Ravnholt ba mai yawan magana ba ne tun yana ƙarami, kuma a garin Skjern ba wanda ke ɗaukar wannan a matsayin aibi. Mutanen yammacin Jylland, yankin da garin yake, haka suke. In ka tambayi mutum yaya gida ya ce "ba laifi," to ka tabbata an yi masa haihuwa ne, ko saniyarsa ta zo ta ɗaya a baje kolin manoma. Uban Laurits makiyayin shanun madara ne, uwarsa kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Kaf danginsu babu wanda ya taɓa tuƙa abin da ya fi tarakta gudu.

Maƙwabcinsu ne ya ɓata shi, in ji uwarsa. Preben Skovsted bakaniken taraktoci ne, amma a ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana bin motocin tsere gari-gari da akwatin sifanoninsa. Laurits na da shekara bakwai Preben ya ɗora shi a kan wata 'yar motar tseren yara da ya harhaɗa daga tarkace, ya ce ya zagaya bayan shagon ya gani. Yaron ya zagaya sau arba'in, sai da mai ya ƙare. Daga ranar, duk Asabar ɗin duniya suna cikin tsohuwar motar kayan Preben, su da baƙin burodi da gorar kofi, suna bin filayen tsere. Shekara goma Preben bai taɓa ce masa ya iya ba. Iyakar yabonsa shi ne, "To, ba ka kashe kowa ba."

Da ya cika sha bakwai, wata mai ƙungiyar tsere, Dorthe Kragelund, ta ɗauke shi ya tuƙa mata a Formula 4, wato motocin nan masu kujera ɗaya da tayoyi a waje, inda duk mai mafarkin manyan tsere yake farawa. Motoci biyu gare ta da ma'aikata shida, kuma mace ce da ba ta ɗaukar wargi. Laurits ya ce in ba da Preben ba, ba ya zuwa. Ta dubi tsohon mai shekara sittin da shida ta ce to, amma idonta na kansa.

A watan Yuni Preben ya manta bai gwada iskar taya ɗaya ba, motar ta ƙare a ta tara. Washegari ya shigo gareji da kek, ya ajiye a kan tebur, ya wuce aikinsa. Haka ake yi. Wanda ya tafka shirme shi ke kawo kek. Ba jawabi, ba ban haƙuri, ba tone-tone. Kowa ya yanki rabonsa, a ɗan zolaye shi, magana ta mutu. Da zarar kek ya hau tebur ba a ƙara bincike, domin mutum ba ya sayen kek a kan laifin da ba nasa ba. Dorthe ta ci nata, ta goge baki, sannan ta gaya masa a gaban kowa cewa in aka kuma, ya tattara sifanoninsa.

Tseren ƙarshe na shekara ya faɗo a ƙarshen Satumba. Wani Bajamushe mai suna Brandstetter ya zo daga wata babbar ƙungiya da kujerar direba ɗaya tak ta baɗi a hannunsa. Tsakanin Laurits da abokin tuƙinsa Villads zai zaɓa, kuma ranar Lahadi zai faɗi wanda ya zaɓa. Laurits ya fi Villads gudu, wannan kowa ya sani. Abin da Bajamushen ya zo gani shi ne ko yaron yana da kan gado.

Ranar Asabar da safe, a wajen gwaji, Laurits ya shiga wata kwana da zafi, tayar gaba ta hagu ta hau tudun simintin gefen hanya. Ya ji bugun har cikin haƙoransa. Doka a garejin Dorthe ita ce duk abin da ka taka ka faɗa, ko da kana ganin ba komai. Amma in ya faɗa, sai an kwance gefen motar gaba ɗaya, kuma minti hamsin ya rage a fita neman layi, wato gwajin gudun da ke tsara inda kowa zai tsaya a tashin tsere. Ya hango Brandstetter tsaye da littafinsa. Ya murza sitiyari hagu da dama, ya ji lafiya lau. Da ya cire hular kwano Dorthe ta tambaye shi yaya motar, ya ce ba laifi.

Ya sami layi na biyu. Da rana aka tashi tsere, kuma a zagaye na tara, a kwanar da ta fi kowace gudu, ƙarfen da ke riƙe da tayar nan ya karye. Motar ta ƙi jin sitiyari, ta miƙe sambal ta ratsa tsakuwa ta daki bangon tayoyi. Villads, da ke biye da shi, da ƙyar ya kauce wa tayar da ta fizge. Laurits ya fito da ƙafarsa.

Da la'asar Dorthe ta tara su, karyayyen ƙarfen na hannunta.

"Laurits, ka hau wani abu da safe?"

"A'a."

Kalmar ta fita kafin ya yi shawara da kansa. Preben ya ɗago ya dube shi. Shi ne ya kwanta a ƙarƙashin motar kafin tsere, kuma ba yadda za a yi a ce bai ga sabon karcen da ke cikinta ba. Laurits ya sha jinin jikinsa, ya jira.

"Ni na duba wannan gefen," in ji Preben. "Da alama ido ya fara tafiya."

"Za mu yi magana gobe," Dorthe ta ce. Brandstetter ya rubuta wani abu, ya dafa kafaɗar Laurits ya ce kada ya damu, laifin mota ba na direba ba ne.

Lahadi da ƙarfe bakwai Laurits ya ari keke ya tafi gidan burodin ƙauyen da ke kusa da filin. Mutum biyar ne a gabansa, kuma sai da ya so a ce hamsin ne. Yana tsaye yana lissafa abin da ke jiransa in ya yi shiru: filayen Jamus da Italiya, mota sabuwa, injiniya nasa shi kaɗai. Shi ne abin da shi da Preben suka yi shekara goma suna nema a cikin ruwan sama da sanyi. Ya kuma san in ya yi shiru, da yammar nan tsohon zai loda akwatinsa a mota, kuma duk garejin da aka ambaci sunansa za a ce ai shi ne ya kusa kashe yaro. Da layi ya zo kansa sai ya ce a ba shi burodi. Mai sayarwar har ta naɗe, ya ce ta haɗa da dogon kek ɗin nan mai kirfa.

Ya iso gareji ya tarar an riga shi. Kek mai kwakwa na kan tebur a cikin farantin gasawa, irin wanda matar Preben ke yi. Wato tun asuba tsohon ya yi tuƙin awa guda zuwa Skjern ya dawo. Ma'aikata sun kewaye teburin da kofunansu, wuƙa na hannun Villads, amma ba mai dariya, domin kowa ya san wannan kek ɗin na sallama ne.

Laurits ya tsaya a bakin ƙofa da kwali a hannu. Ba wanda ya lura da shi tukuna. Kwandon shara na nan daf da ƙafarsa, taku ɗaya. Ya dube shi sosai, ba zan ɓoye ba.

Sannan ya shiga, ya ajiye kwalin kusa da farantin, ya buɗe.

Dorthe ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Shirme ɗaya aka yi jiya," ta ce. "Kek biyu nake gani."

"Yaron yunwa yake ji," in ji Preben da sauri. "Ɗauke abinka, kai. Ka ci a mota."

"Ba na ci ba ne."

"Na ce ka ɗauke!"

Daidai lokacin Brandstetter ya shigo yana murza hannuwa. Ya ga tebur, fuskarsa ta washe. Ya tambaya ko bikin ranar haihuwar wani ake yi, har mutum biyu. Ai da ya lura zai ga babu 'yan tutocin da ake kafa wa kek ɗin ranar haihuwa a kai, amma baƙo ina ya san wannan. Ya yanki mai kirfar, ya ce kai, wannan ya yi daɗi, wa ya kawo?

"Ni ne," in ji Laurits. "A nan in mutum ya yi kuskure yakan kawo kek. Jiya da safe na hau siminti a kwana ta huɗu, na ji bugun, ban faɗa ba don kada a kwance motar. Dorthe ta tambaye ni sau biyu na yi mata ƙarya. Ba ruwan Preben."

Bajamushen ya daina tauna. Villads ya ajiye wuƙar a hankali.

"Tayar nan ta wuce ni da taku biyu, ka sani ko?" ya ce.

"Na sani."

"To madalla da ka sani."

Dorthe ta ɗauki farantin Preben, ta rufe shi da takarda, ta miƙa masa. "Mayar wa matarka. Kuma kada ka ƙara kawo mini kek ɗin ƙarya a garejina." Ta yanki na Laurits ta ci a tsaye, kowa ya bi bayanta, domin haka ake yi. Ba wanda ya zolaye shi. Shi kuwa da an zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da rana Brandstetter ya kira shi gefe. Ya ce ya yaba da gaskiyarsa ƙwarai, amma shi direban da zai faɗa ranar Asabar yake nema, ba ranar Lahadi ba. Villads ya sami kujerar.

Sun yi rabin hanyar Skjern a cikin motar kayan kafin Preben ya buɗe baki.

"Sakarai."

Laurits ya juyo ya dube shi.

"Shekara goma ina gina ka, ka rushe da kek mai kirfa. Ko mai kyau ba ka saya ba."

"Da ta kore ka."

"Sai me? Takardar ajiye aikina tana cikin akwatin nan tun Agusta. Hannuna rawa yake yi, ba ka gani? Yau ce ranata ta ƙarshe ko da kek ko babu. Na bari ne sai ka sa hannu da Bajamushen in gaya maka."

Laurits ya dubi hannun tsohon a kan sitiyari, ya ga yatsun suna ɗan karkarwa, abin da da ya kula da tuni ya gani. Ya so ya yi kuka, ya so kuma ya fasa gilashin motar.

"Da ka faɗa mini," ya ce.

"Da kai ma ka faɗa."

Laurits ya ƙara shekara ɗaya a wajen Dorthe, ya ci tsere huɗu, amma ba wanda ya sake zuwa daga Jamus. Yanzu shekararsa ashirin da shida, yana tuƙa tankar madara tsakanin gonakin garuruwan Skjern da Tarm, kuma manoma sun ce ba su taɓa ganin mai juya tanka a matsattsen tsakar gida kamarsa ba. Na taɓa tambayarsa ko da ya san da takardar nan da ya jefa kwalin a shara. Ya ce akwai ranakun da yake cewa a'a, kuma sun fi yawa, amma ba duka ba.