Ba a Ciwo a Gaban Suruki

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo a kan babura mutane suka gudo daga Mubi, mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta iso gidana a Bekaji da zanin jikinta da ƙafafu a kumbure. Kumburin ya sace. Abin da ya ƙi tafiya shi ne bugun zuciya. Tana zaune a tabarma, ko tsinke ba ta ɗaga ba, sai in ga ta dafe ƙirji ta yi tsit. Sai na matsa mata take cewa zuciyar ce ke sauri, wani lokaci har kamar ta tsallake bugu.

Nan take kowa ya zama likita. Goggona ta Rumde ta aiko da rubutu. Maƙwabciyata ta rantse hawan jini ne. Masu zuwa jaje kuwa ba sa yankewa, kowa da ƙullin goronsa, don an san Dada da goro. Shayi mai kauri ma ba ya sauka daga wuta.

Ranar da jiri ya ɗebe ta a bakin randa na tsorata, na ce sai asibiti. Maigidana ya ce ba za a sa surukarsa a keke mai ƙafa uku ba. Ya kai mu a mota, kuma don tsabar ladabi ya biyo mu har ɗakin likita ya tsaya jikin ƙofa. To, Bafulatana irin Dada ba ta ci, ba ta sha, ba ta ciwo a gaban suruki.

"Mama, me ke damun ki?" in ji likita.

"Jam tan," ta ce. "Lafiya lau."

"Kina cin goro?"

"A'a."

Ga haƙora jajir, ga goro ɗaure a bakin zani! Na buɗe baki, ta mintsine ni a cinya. Zuciyar ma ta haɗa baki da ita, ta buga daidai. Muka dawo gida, ni ce nawa ƙirjin ke tafasa.

Na sake mayar da ita, mu biyu a keke. Wannan karon ta amsa goro, ta amsa shayi. Aka manna mata wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Likita ya ce goro da shayi na iya tayar da bugun, haka ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, rashin barci ko damuwa. Nata jinin ya yi ƙasa. Ya rubuta magani, ya ce ta riƙa shan ruwa, in kuma ta suma, ko ƙirji ya yi ciwo, ko numfashi ya yi wuya, a kawo ta nan take. Da ya tambaye ta damuwa, ta ce ba ta da ita.

Na koma 'yar sandan goro. Baƙi suka ce na yi boko na raina al'ada. Na tsinci goro a ƙarƙashin matashin kai, na tsince shi a cikin kwalla. Bugun ya ragu sosai, amma bai tafi ba, kuma abin ya yi shekaru yana ci mini rai.

Bana muka koma a duba ta. Maigida ya daɗe da koyon zama a mota. Dada ta leƙa taga ta tabbatar yana can, sannan ta dube ni.

"Ke ma fita."

Na fita ina ƙunƙuni. Na manta ni ce 'yar fari, wadda ko sunana Dada ba ta taɓa faɗa ba don kunya. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, na ji tana gaya wa likita.

"Goro na bari, ɗana. Amma in gida ya yi shiru, har yau sai in ji baburan nan suna shigowa gari."

Duk shekarun nan ina binciken matashinta, ashe ni ma ba a ciwo a gabana.