Na Guji Ciyayya Don Ba Ni da Kwano

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu, ni matashi ne mai gyaran babur a bakin tashar Zango, ga mata da 'yar jaririya, ga baki kamar reza. A unguwarmu muna da ciyayya: in an sallame magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, mu zauna a ƙofar gidan wani dattijo mahauci, mu cinye wannan mu jawo wancan. Ni ne alƙalin miya. In gishiri ya zarce sai na faɗa, in kuka ta tsinke sai na tambayi mai kwanon ko ruwan alwala aka aiko mana. Ina yin haka ne don na san miyar gidana ba ta da na biyu, kuma ba na ɓoye alfaharina.

Sai matata ta rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, muna shirin kai ta asibiti Daura Allah ya karɓi abarsa. Surukata ta tafi da jaririyar Baure. Lokacin zaman makoki ban gane abin da na rasa ba, don gida cike yake da jama'a. Sai da aka watse, magariba ta yi, na ga babu mai miƙo mini kwano. Na tsaya a zaure ina kallon maƙwabta suna wucewa da nasu, na ji ba zan iya zuwa in zauna hannu rabbana ba, ni da na saba kushe na mutane. Aka aiko kirana na ce na ƙoshi. Washegari ma haka. Da aka fara aiko mini da abinci gida sai na ji kamar sadaka ake ba ni, na riƙa mayarwa. Wallahi ban ɗauke shi girman kai ba a lokacin, gani nake mutuncina nake karewa.

Daga guje wa tabarmar ciyayya sai na koma gudun masallaci, don kada a tare ni a ƙofa da tambaya. Daga nan sai rumfar aikina. Zan shirya in fita, in kai bakin zaure, sai in juya in koma ɗaki. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya zama kamar ƙasa a bakina, wanka ma sai in na ga dama. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban yi kuka ba ko sau ɗaya, zuciyar ta bushe ƙam. 'Yan uwa suka ce iska ce ta shafe ni, aka kawo malami ya yi mini ruƙiyya, aka ba ni rubutu na sha. Allah ya saka masa da alheri, nakan ji sanyi yana karatu, amma da ya fita ɗakin yake komawa shiru, ni da tunanina. Sai na fara raya wa kaina cewa yarinyar za ta fi jin daɗi babu ni, garin ma babu abin da zai ragu.

Wanda ya fara ɗaga maganar wani ɗan ƙabilar Ibo ne mai sayar da kayan gyaran babur kusa da rumfata. Ya taka har wurin dattijon nan, ya ce masa da guntuwar Hausarsa ba ya ganina, kuma mutumin da bakinsa ba ya shiru in ya yi shiru haka to ba lafiya ba. Dattijon ya gaya mini daga baya cewa kunya ta rufe shi, don su a ganinsu kara suke yi mini da suka ƙyale ni in huce.

Ran nan bayan magariba sai na ji ana shimfiɗa tabarma a zaurena. Ba wanda ya nemi izinina, ba kuma wanda ya kira ni. Suka buɗe kwanuka suka hau ci, suna gardamar shari'a da farashin gero da ƙarfi kamar a kasuwa. Na ƙi fita. Gobe suka dawo, jibi ma haka. Haushi ya ishe ni, na fito a fusace na ce su tashi su bar mini gida, ni ba almajirinsu ba ne, ba ni da kwanon da zan ajiye a gabansu. Dattijon bai ko ɗago kai ba. Ya kira ni ɗana, ya ce shekara da shekaru suna zaman nan bai taɓa ƙirga kwano ba, mutane yake ƙirgawa, kuma tun da na daina zuwa kullum lissafinsa ba ya cika. Ya matsa ya ce in zauna in ɗanɗana masa miyar gidansa, don an daɗe ba a gaya wa matarsa gaskiya ba. Na zauna. Loma ɗaya na kai baki sai kukan da ya ƙi zuwa ya ɓalle mini, a gaban manyan maza. Ba wanda ya ce in yi haƙuri, suka bar ni na yi mai isata, ɗaya yana dafe da kafaɗata.

Ban warke a ranar ba, kada in yi maka ƙarya. Su ne suka matsa aka kai ni asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, cuta ce kamar kowace, ya ba ni magani. Amma ciyayya ba ta bar zaurena ba har damina ta wuce, sai da ni da kaina na ɗauki tabarmar na mayar ƙofar gidan dattijon.

Abin da na koya shi ne mai wannan ciwon ba ya neman taimako, gudunsa yake yi, kuma kara a irin wannan hali cutarwa ce. In naku ya janye jiki, kada ku tsaya aike, ku je ku zauna masa ko zai zage ku. Kai kuma da ke ɓuya a ɗaki, kada ka bari kunya ta raba ka da mutane. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: ranar da suka fara shimfiɗa tabarmar nan, na riga na yanke shawarar da asuba zan nausa daji, in yi ta tafiya arewa har inda numfashina zai ƙare. Surutunsu ne ya sa na ce bari in ƙara kwana. Dattijon ya rasu bai san abin da ya hana ba.