Ƙafar Baba da Geron Inna

Ban taɓa sanin Babanmu da ƙafa biyu ba. Ina goye aka yanke ta hagun, a farin nan na zamanin sojan farko, lokacin da rijiyar ƙauyenmu, can kudu da Maijirgi, ta ƙafe. Ya shiga yasa, gefen rijiyar ya rufto mishi. Aka ɗora shi kan amalanke zuwa bakin titi, mota ta kai shi asibitin Maradi, aka yanke daga cinya. Da ya dawo, wani mai sassaƙa turmi ya yi mishi ta icce. Ba ta da gwiwa, sai ya wurga ta gefe ya taka, ya sake wurgawa. Tun daga nesa muke gane tahowarshi.

Da ita ya yi noma har muka girma. Shuka a wajenmu aikin mutum biyu ce: na gaba yana tafe da sungumi yana saran ramu, na baya yana zuba iri yana rufewa da diddige. Baba ne a gaba kullum, don mai rufewa dole ya tsaya kan ƙafa ɗaya ya tura ƙasa da ɗayar, shi kuwa in ya dogara kan iccen nan nutsewa yake cikin rairayi ya kayar da shi. Inna ce a baya da ƙwarya a hannu, tana yi mishi tsiya wai layinshi ya karkace kamar hanyar tururuwa. Shi kuma ya ce ta yi shiru ta bi mijinta.

Shekarar da damina ta sake yanke mana, Inna ta rasu bayan girbi, in ma girbi za a kira abin da aka tsinto. Ta bar gayaunarta, ƴar gonar da Baba ya yanka mata tun tana amarya, da gora guda ta irin gero mai saurin nuna wanda ta zo da shi daga gidansu a ƙasar Mayahi. Kowace shekara ita take zaɓen zangarniyar iri da hannunta. A ranin nan soja suka sake karɓar mulki, rediyo na ta maganar yunwa, mata na jiƙa ƴaƴan anza masu ɗaci na daji don a samu abin sa wa ciki. Baba ya rataye gorar nan bisa gadonshi, ya ce duk wanda ya taɓa ta ba shi ba shi. Ya ce shi zai shuka gayaunar Inna, kuma shi zai rufe ramun da ƙafarshi. Na ce da wace ƙafar? Wallahi bakina ba ya da linzami, har yau ina jin kunyar wannan tambaya.

Ina koyarwa a lakwal a Tasawa lokacin. Darektanmu ne ya ba ni labarin wata ƙungiya da ta zo Yamai da ƙafafun roba masu gwiwar na'ura, suna neman waɗanda aka yanke daga cinya. Da na gaya wa Baba sai ya ce shi da iccenshi sun saba, tsufa ba ya son sabon aboki. Na yi faɗa na gaji, na ɗauki jakata. Ina bakin ƙofa ya tambaye ni ko mutum zai iya tsayawa kan ita kaɗai ba ta kayar da shi ba. Na ce haka aka ce. Washegari muka kama hanya.

Gwiwar nan wani abu ce kamar gwangwani, da batir a ciki da ƴar ƙwaƙwalwar ordinata, wato kwamfuta. Ita take jin nauyin mutum, in ya taka ta riƙe, in ya ɗaga ta sake, in ya yi tuntuɓe ta ƙage kafin ya faɗi. Amma sa ta ba shi ne tafiya ba. Aka haɗa mu da wata ƴar budurwa mai koyar da tafiya, baƙa siririya, Hausarta ta Yamai duk a karye. Ta sa Baba tsakanin ƙarafa biyu, ta ce ya taka. Baba ya wurga ƙafar gefe kamar ta icce. Ta ce a sake. Ya sake wurgawa. Ta ce mishi angona, irin wasan jika da kaka, wai ita ba ta auren mai tafiyar kaguwa. Ya ce shi ma ba ya auren mai ba tsoho umarni.

Na sha kuka a bayan ɗakin gwajin nan. Tsoho mai furfura yana zufa, kututturen cinyarshi ya yi ja ya saluɓe. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ya saki nauyinshi kan gwiwa mai lanƙwasa, don shekara da shekaru jikinshi ya san hagu ba abar dogaro ba ce. Da aka kai shi wajen hawan matakala sai ya tubure, ya ce duk garinmu babu bene, a bar wahal da shi. Ya gaya mata abin da ya kawo shi. Ba ta taɓa shuka ba, sai da na tashi na gwada mata. Kashegari muka tarar ta sa an zuba buhun rairayi tsakanin ƙarafan. Tana tona rami da cokali tana jefa tsakuwa, shi yana tsayawa kan hagu yana rufewa da dama. Da farko da hannu biyu kan ƙarfe, daga baya da ɗaya. Ran da ya saki duka, ita ta fara guɗa kafin ni.

Muka dawo gida da ƙafa, sai wata matsalar. Batir ɗin ƴan kwanaki yake yi, ƙauyenmu kuma babu wutar kuran. Baba ya mai da ƙafar kamar rigar Juma'a, ya naɗe ta cikin zanen Inna ya koma kan iccenshi, wai kada ya cinye mata wuta kafin ruwa ya zo. Na ce Baba, an ce ku riƙa sawa kullum, in ba haka ba jiki zai manta. Ya ce jikinshi ne ko nawa? Kai, tsohon nan ya ci raina. Ƙarshe muka shirya: ina ɗauke ta in kai Tasawa in sa caji, ran Juma'a in maido ya yi sallah da ita ya yi ta gwaji a tsakar gida. Ruwa kuma ya ƙi zuwa. Hadari ya haɗu ya watse, mutane suka fita roƙo suka dawo.

Ranar da ruwan ya sauka, da hantsi ne, tsakiyar mako, ƙafar tana ɗakina jone da bango. Ina cikin aji Baffa, ƙanen Baba, ya kira ni. Ya ce an yi ruwan shuka a gari, kowa ya fita, ƴaƴanshi shi Baffan sun zo za su shuka gayaunar Inna, Baba ya zauna bakin gona ya rungume gora ya hana. Baffa ya ce rana ta buɗe, in aka kai la'asar ƙasa ta sha iska, irin nan ko an zuba ba zai tsira ba, kuma babu wani. Gaskiya ya faɗa, na sani. Na bar wa darekta ajin, na sunkuci ƙafar cikin zanenta na tare ɗan kabu-kabu.

A shingen fita gari wani soja ya tsayar da mu, ya ga takalmi ya leƙo daga cikin zane. Ya ja da baya yana salati. Na buɗe mishi, na ce ƙafar ubana ce, shuka za ta. Ya kalle ni, ya kalli ƙafar, ya ɗaga igiya da kanshi ya ce mu yi sauri.

Na tarar da shi yadda Baffa ya ce, hula a karkace, gora a cinya. Bai ce mini sannu ba. Ya kwance iccen, na taya shi sa ƙafar, na ɗaure gwiwar da leda don an ce ba ta son jiƙa. Ya miƙe, ya taka, ya wurga ta gefe. Na ce Baba, ku tuna amaryarku ta Yamai. Ya yi tsaki, ya tsaya, ya sake takawa a hankali, gwiwar ta lanƙwasa ta riƙe shi.

Ɗan Baffa ya ɗauki sungumi, Baba ya ce a ba ni. Rabona da sungumi tun ina yarinya, amma na karɓa. Na shiga gaba ina sara, ƙasa na ƙamshi, ina jin motsinshi a bayana. Na yi nisa kaɗan sai na ji shiru. Na waiwaya. Yana tsaye kan ramin farko, ya juye iri cikin ƙwaryar Inna, hannunshi a ciki, bai zuba ba. Na zaci ƙafar ce. Na koma da gudu ina tambaya ko batir ne.

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarshi na ci. Ya ce, “Uwata, kamar yaya take ɗiba?”

Na ce, “Wa?”

Ya ce, “Innarku. Ni kullum ina gaba. Ban taɓa ganin hannunta ba.”

Na kama yatsunshi uku na haɗa su, na tsoma cikin geron, na ɗago, na murza kaɗan ya zube, yadda ta koya mini. Ya duba abin da ya rage tsakanin yatsun, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya saki cikin ramin, ya dogara kan hagu, ya ɗaga dama ya rufe da diddige.

Ya ce in koma gaba, ƙasa na bushewa, kuma in daidaita layina don ya karkace.