Sallar da Goggo Falmata ta hana ni lalle

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Goggo Falmata, yayar mahaifina, amma har yau in na ji ƙamshin ɗanyen lalle sai na waiwaya, kamar zan gan ta a kan 'yar kujerarta da ƙwarya a gabanta. Ina kewarta ƙwarai, kuma tsufa bai rage min komai daga kewar ba.

Mu da muka tashi a Hausari, a Potiskum ta zamanin sulai da fam, da abu ɗaya muka san ta: ita ce mai ƙunshin unguwa. Lokacin ba a san zanen fulawa ba. Ganyen lalle ake dakawa a kwaɓa, a zuba a zunguru, dogon duman nan da ake zura hannu a ciki har ya wuce wuyan hannu. Ana jibi Sallah tsakar gidanmu kan cika da 'yan mata, hannu a zunguru, ƙafa a naɗe da tsumma, ba mai iya korar ƙuda. Goggo na zagayawa tana tsokanarmu da Hausarta ta Barebari, mu kuma muna kwaikwayonta in ta juya baya.

Saurayi ne ke aiko da lallen a cikin toshin Sallah. Saboda haka jan hannu ranar Idi shaida ce cewa yarinya tana da mai so, farin hannu kuwa abin gori ne har wata Sallar. Goggo tana da doka guda. Kafin ta taɓa yarinya sai ta cire awarwaro, ta wanke hannu har gwiwa, sannan Goggo ta riƙe hannun ta jujjuya shi a hasken rana. Mu dai mun ɗauka tsabar tsafta ce.

Ina shekara goma sha shida na gane ba tsafta ba ce kaɗai. Saurayina Bukar yaron mota ne, yana bin babbar mota tsakanin Kano da Maiduguri. Ga fara'a, ga sakin hannu, ba ya dawowa ba tsarabar turare ko ɗankwali. Ba wanda ya haɗa mu, ni na gan shi na ce ina so. Sai dai yana da zafin kishi. Wata rana ya hango ni ina gaisawa da ɗan maƙwabtanmu a bakin rijiya. Da ya zo zance da la'asar ya kama wuyan hannuna ya murɗe, har wurin ya kumbura ya yi baƙi. Bai tafi ba sai da ya ba ni haƙuri, ya ce so ne ya jawo. Ƙawayena ma haka suka ce, wasu har da sha'awa. Na tura awarwaro a kan wurin, ina lissafin in na samu na shiga zunguru lalle zai rufe komai.

Ranar ƙunshi, da layi ya zo kaina, Goggo ta jujjuya hannun. Ta aike ni ɗakinta in ɗauko mata goro, sai ta biyo ni ta saki labule.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Igiyar guga ce, Goggo."

"Igiyar guga ba ta da yatsu huɗu," in ji ta. "Ni ba na ƙunshi a kan rauni, 'yata."

Ta ƙulle lallen Bukar a ƙyallen da ya zo a ciki, ta yafa mayafi, ta kai wa mahaifiyarsa da ƙafarta. Daga baya na ji ba ta ɗaga murya ba. Sun gaisa, ta sha ruwa, ta ajiye ƙullin ta ce lallen ɗanki ne, ki tambaye shi abin da ya sa ya dawo.

Na yi kuka kamar an yi min mutuwa. Na yi Sallah da farin hannu, ina ɓoye shi a mayafi a dandali, 'yan mata na taɓa juna suna kallona. Na daina gaishe ta, ita kuwa ko a jikinta, tana ta cin goronta. Abin da na fi tsoro shi ne Bukar ya yi zuciya ya bar ni. Da ta ga na rame sai ta kira ni ta ce ba ta hana ni shi ba, kuma ba za ta hana ba. Abu ɗaya ta roƙe ni: in ya zo, in kasa kunne in ji abin da zai fara tambaya.

Ya zo bayan Sallah, na fita zaure cike da murna. Ko zama ban yi ba ya ce, "Wa kika gaya wa?" Daga nan ya shiga lissafa kunyar da na ja masa a gaban uwarsa da abokansa na tasha. Ni kuwa na ɗora hannun a kan gwiwata, ba awarwaro, tabon a fili, ina jira ya duba. Har aka kira magariba bai dube shi ba. Na tashi na shiga gida, na sami Goggo tana alwala, na ce ta gaya wa Baba na fasa. Ba ta yi min gori ba. Ta matso min da buta kawai ta ce in yi tawa alwalar.

Sai da na girma na san ba ni ce farau ba. Samarin Hausari sun fi tsoron lallensu ya dawo gida fiye da sandar mai unguwa, domin uwa ce za ta tsare ɗanta da tambaya. Wasu sun gyaru da gaske, suka zo da babba ya ba da haƙuri, Goggo ta sa musu ido har ta gamsu, ta karɓi lallensu a Sallar gaba. Ni kuma bayan shekara biyu lallen Adamu tela, mutumin Gadaka, ta ƙunsa min. Ta daɗe tana jujjuya hannuna ranar, tana dariya. Mun zauna da shi har Allah ya karɓi abinsa, ban taɓa neman awarwaron ɓoye wani abu ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Potiskum ta yau. Keke mai ƙafa uku ya cika titi, zunguru ya ɓace, ƙunshi ya koma shago, inda yarinya ke miƙa wa baƙuwa hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Na san za ta yaba zanen, don tana son abu mai kyau. Amma za ta tambaya wa ke duba hannun kafin a zana. Kuma ina jin za ta sha wuya, domin saurayin yanzu yana iya murɗe yarinya daga wani gari, da kira da zagi da bincikar waya, fatarta ba ta nuna komai ba.

Goggo ba ta bar gida ko gona ba, zungurunta ma ya fashe tun tana raye. Abin da ya rage shi ne mu da ta riƙe wa hannu, kuma mun fara ƙarewa. A Sallar da ta wuce jikata Yagana ta kawo min lalle, wai na gargajiya take so, saurayinta ne ya saya. Na ce ta cire agogo ta wanke hannu har gwiwa. Na jujjuya shi a rana, fata sumul, ba tabo ko ɗaya. Sai wayarta ta yi ƙara a kan tabarma, ta ga sunan, ta fizge hannunta daga nawa a tsorace ta rarumi wayar.

Na ture ƙwaryar lallen gefe, na ce ta shiga ɗaki ta ɗauko min goro. Allah ya jiƙan Goggo Falmata.