Fitilar da Ba Ta Jiran Baba

Ga shi a bakin titi, dattijo dogo da ya fara ranƙwafawa, riga ta sha guga, sanda a dama, kular abinci a hagu. Asibiti na tsallaken titi. Yadda yake ta duba agogo, ka san akwai wata tsohuwa kwance a ciki da ba ta cin girkin waje, kuma an kusa rufe ƙofar masu dubiya.

Fitilar masu tsallakawa ta yi kore, ya sa ƙafa. Bai kai tsakiya ba ta koma ja, direbobi suka hau danna masa hon. Ya dawo, karo na uku ke nan.

"Baba, ga gadar sama can," in ji mai jarida.

Ya ƙare wa matakalar kallo. "Ɗana, da ina da gwiwar hawa wannan, ai da gudu zan tsallaka."

Fitilar ta sake yin kore. Yanzu kam ya ɗaga sanda ya nuna motocin, yana takawa abinsa. Ta yi ja, ko kallonta bai yi ba.

"Ku yi ta busawa," yake cewa. "Miyarta na hucewa."